Tani Mai Ƙosai da Wasan Kiran Suna

Duk wanda ya zauna a Mahjar a shekarun nan ya san Tani, ko da a ido ne. Ita ce doguwar matar nan mai abayar da ta koɗe har ta koma ruwan toka, wadda ke tsayawa bakin titi bayan sallar asuba, kusa da tandar mai burodin tamis, tana jiran motar ma'aikata. Motar kan kwashe su daga nan kudancin Jidda, ta ratsa gari kaf, ta sauke su a Abhur, can arewa bakin teku, inda Turawa da Indiyawa da sauran baƙi masu aikin kamfani ke zaune a cikin katanga. A cikin katangar akwai 'yar makarantar firamare ta 'ya'yansu. Nan Tani ta yi shekara kusan ashirin tana shara, tana dafa wa malamai shayi, tana canja wa ƙananan yara wando idan sun yi aika-aika. Yaran suna ce mata Mama Tani, kuma ita kaɗai ce a makarantar da za ta ɗaga gira yaro ya ajiye abin da ya ɗauka.

'Yar Ringim ce. A shekarar 1978 ta zo aikin Hajji da mijinta Badaru, tana ɗauke da cikin fari. Aka sauko daga Arfa, aka yi jifa, aka yi ɗawafin bankwana, jirgin alhazai ya tashi ya bar su a ƙasa, da saninsu kuwa. Badaru direban babbar mota ne tun a gida. Ya ga yadda ake gine-gine a Jidda ana neman direbobi ido rufe, sai ya ce su ɗan taɓa aiki na shekara guda su koma da abin kirki. Shekarar nan guda ba ta ƙare ba har Allah ya karɓi ransa. Amma dai bai bar su a titi ba. Kamfanin da ke da makarantar ya zama kafilinsa mai tsaya masa a wajen hukuma, aka yi musu iƙama, wato takardar zama, ya riƙa tuƙa motar 'yan makaranta, daga baya ya samar wa matarsa aikin shara. Da ya rasu, makarantar ta riƙe ta.

'Ya'yansu biyu suka rayu, Saudatu da ƙanenta Usuman. Usuman kam unguwa duka ta haddace sunansa, don kafin a gama karin kumallo Tani ta kira shi ya fi a ƙirga. "Usumanu, ka ci? Usumanu, ina takalminka?" Har ya yi gemu tana shafa kansa a gaban mutane. Saudatu kuwa 'yar fari ce, kuma mace mai kunya irin ta mutanen Ringim ba ta faɗin sunan 'yar fari. Ba ta wasa da ita a gaban jama'a, ba ta yabonta, ba ta nuna ta damu da ita. Idan tana nemanta sai ta ce, "Ke," ko "'Yar nan." Idan aka tambaye ta lafiyar yarinyar, sai ta sunkuyar da kai ta ce ai ga ta can, a tambaye ta. Akwai wata maƙwabciya mai irin sunan, sun yi shekaru suna aron turmi da tabarya, Tani ba ta taɓa ce mata komai ba sai Takwara.

A gida wannan kunya ba ta cutar da yaro, don ba ita kaɗai take zuwa ba. Ana yaye 'yar fari kaka za ta ɗauke, ta goya, ta shagwaɓa, ta yi mata kirari, ta ɓoye mata tsokar nama a ƙarƙashin tuwo, ga gwaggo ga inna kowa na ja. Uwa ta kawar da kai, mutum goma sun zuba ido. To, kunyar ta hau jirgi ta biyo Tani har Jidda, kakar kuwa tana Ringim. Ɗaki ɗaya ne a Mahjar, daga uwa sai 'ya, sai uban da ke dawowa a gajiye. Yarinya ta tashi tana ganin 'ya'yan Larabawa uwayensu na rungume su a bakin makaranta ana habibti, habibti, ita kuwa tata uwar ko sunanta ba ta faɗa. An yi mata bayani mana. Badaru ya yi, maƙwabta sun yi. Ta ji da kunne, zuciyarta ba ta karɓa ba.

Ita kuwa Tani, Allah ne shaida, ba ta da abin so a duniya kamar yarinyar nan. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita tana ƙarama, Tani ko abinci ba ta iya haɗiya, amma da maƙwabta suka shigo dubiya sai ta koma bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ka ce 'yar wani ce a kwance. Duk littafin da 'ya'yan Turawa suka yar, sai ta kaɗe shi ta sa a jaka, ta ajiye a kan tabarmar yarinyar ba ta ce uffan ba. Da littattafan nan Saudatu ta koyi Turanci, har ta girma makarantar ta ɗauke ta mataimakiyar malamar ajin ƙanana. Ta yi aure ta koma unguwar Sa'alaba, amma mota ɗaya suke shiga da safe, uwa a kujerar baya, 'ya a gaba. Turawan makarantar ba sa daɗewa, shekara biyu ko uku an canja su, saboda haka aka wayi gari babu malami ɗaya da ya san mai shayi ce ta haifi Mis Saudatu.

A ƙarshen shekarar 2005 labari ya zo. Mijin Saudatu, Abdulghani, Bahaushen Sudan ne. Kafilinsa ya rufe shago, aka buga masa takardar fita ba dawowa. Da an yi hutun makaranta za su hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, daga nan su wuce Gadarif wajen danginsa. Kowa a Mahjar ya san irin wannan tafiya. Tekun ba shi da wani faɗi, takardar dawowa ce ke da wuya.

Saudatu ta zo ranar Juma'a ta faɗa wa uwarta. Ta tarar tana tankaɗe.

"Allah ya sa haka shi ya fi alheri," in ji Tani, ta ci gaba da kaɗa rariya.

Saudatu ta tsaya tana jira. Hausarta irin ta haihuwar Jidda ce, tana ji sarai, amma idan ranta ya ɓaci Larabci ke riga fitowa.

"Bas? Shi ke nan, Umma?"

"To me zan ce?"

"Wala shai, ba komai. Halas."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Sai da ƙarar takalminta ta ɓace a lungu sannan Tani ta ajiye rariyar ta yi kuka, kuka na gaske, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar Badaru. Abin da ya fi ci mata rai ba tafiyar ba ce. Ta san yarinyar za ta tsallaka teku tana ɗauka uwarta ba ta damu ba, kuma ba ta san hanyar da za ta bi ta gyara ba.

Ana cikin haka lokacin kasuwar makaranta ya zo. Duk watan Disamba sukan yi 'yar kasuwa ta yini ɗaya don tara abin yi wa makaranta aiki. A takarda sunanta Kasuwar Sanyi, don a wajen katanga ba a ɗaga murya a ce Kirsimeti, amma a ciki ko yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san ta mece ce. Sanyin ma dai na Jidda ne, ana kunna fanka ana liƙa auduga a taga wai dusar ƙanƙara. Tani tana da rumfarta ta ƙosai da zoɓo tun zamanin Badaru. Wani malami a layinsu ya taɓa yi mata magana a kan shiga bikin da ba nata ba, ta ce, "Allah gafarta malam, wake nake soyawa. Ban shiga ɗakin ibadar kowa ba." Abu ɗaya ne ba ta taɓawa, tikitin nan da ake saya a zaro lamba a ci kyauta. Ta ce caca ce ko an ɗaura mata jan ƙyalle.

Tun watan Nuwamba kwamitin iyaye ke zama a ɗakin malamai, kuma wanda bai ga zaman nan ba bai san mata masu hali suna iya faɗa a kan tebur ba. Bana rumfa ake son yi a kan filin wasan yara, rana ta ishe su. Wata ta ce lallai teburin kek ya zauna kusa da ƙofa, matan Indiya suka ce bara ma an tura samosarsu bayan bishiya, ba za su yarda ba. Aka yi ta ja a kan tsofaffin littattafai, a sa su a rana ko a inuwa. Aka amince da jifan gwangwani da ƙwallo, da kamun agwagin roba a baho da ƙugiya. Malamin lissafi, wani mai tumbi, ya yarda yara su jefe shi da jiƙaƙƙen soso da safe, da yamma kuma ya sa jajayen kaya da gemun auduga ya raba alawa. Rumfar Tani ba a ma tsaya a kanta ba. Wurinta can ƙarshen fili ne jikin katanga, saboda hayaƙin mai, kuma ita hakan ya fi mata.

Shugabar makarantar, wata gajeriyar Baturiya mai saurin dariya da kowa ke ce wa Madam, bara ta zo. Ita ta ba Saudatu shirya wasannin ƙanana, tunda wannan ce kasuwarta ta ƙarshe. Ran nan Tani na zagayawa da butar shayi, Saudatu ta miƙe ta yi bayanin wani wasa. Za a jera yara a gefe ɗaya na fili a ɗaure musu ido. Iyaye mata su jera a ɗaya gefen, kowace ta riƙa kiran sunan ɗanta, yaro ya bi murya har ya kama uwarsa. Turancin Tani na shayi da tsintsiya ne, amma ta san kalmar uwa, ta san kalmar suna. Tun kafin a gama bayani ta gane inda aka dosa.

Mata suka yi ta yabawa. Madam ta ce kaico, da malamai ma uwayensu na kusa da an sa su.

"Ni tawa tana kusa," in ji Saudatu da Turanci. "Ga ta nan tana zuba miki shayi."

Madam ta dubi Tani, ta dubi Saudatu, ta sake duban Tani. Sai yanzu ta ga tsawon iri ɗaya ne, goshin ma iri ɗaya. Ta tafa hannu, ta ce shekara guda tana tare da su ba wanda ya faɗa mata! Nan take ta yanke cewa Mis Saudatu za ta shiga cikin yaran ajinta a ɗaure mata ido ita ma, Mama Tani kuma ta tsaya a layin iyaye. Baiwar Allah, ita a ganinta alheri ta yi. Tani ta ajiye butar a hankali ta fita.

Da yamma a mota, Saudatu ta bar kujerar gaba ta zo ta zauna kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba. Suka wuce gidajen bakin teku.

"Ke," in ji Tani daga baya, murya ƙasa-ƙasa, "kin san ba zan iya ba."

"Na sani, Umma."

"To don me kika ɗaura mini wannan a gaban baƙi?"

"Ba dole. Mafi mushkila, ba damuwa. Ni dai zan tsaya a fili. In kin kira zan zo. In ba ki kira ba, zan tsaya har a tashi." Ta juya tana kallon taga. "Tun ina ƙarama nake jin wai kina so na. Kullum wani ne yake faɗa mini."

 Tani ta ja mayafinta ta gyara, duk da ba abin da ya same shi.

Aminiyar Tani a Mahjar ita ce Aissa, mutuniyar Damagaram, mai sayar da turaren wuta, mai baki kamar rediyo. Duk shekara ita ke taya ta surfa wake ana gobe kasuwa, ita kuma ke zuba zoɓo a rumfa. Suna zaune a kan baho suna murza wake Tani ta ba ta labari.

"Bon," in ji Aissa. "Ni ki faɗa mini, Hajiya, kunyar wa kike ji? Surukarki ta daɗe a kabari. Turawan nan? Mutanen da ke sumbatar kare a baki?"

"Ba don mutane ba ne. Bakin ne ba ya buɗuwa. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse."

"Ni ma haka na yi da Mahamadou, ɗan farina. Ran da mota ta kusa kaɗe shi a Bab Makka ban san lokacin da na kwarara sunan ba. Sama ba ta faɗo ba."

Tani ta zubar da ruwan dusar waken, ta ƙara sabo. Ta ce ita ma fa 'yar fari ce. Ranar da za su taho, unguwa duka ta raka su tasha, kakarta na kuka tana riƙe da gefen zanenta. Uwarta kuwa ba ta fito ba. Da Tani ta shiga yi mata sallama, ta same ta tana sharar tsakar gidan da aka riga aka share. Ba ta juyo ba. Bango ta kalla ta ce a gaida Manzo. Shi ne ganinsu na ƙarshe, don bayan 'yan shekaru wani alhaji ya zo da labarin rasuwarta.

"Kuma na san tana so na," in ji Tani. "Ban taɓa shakka ba. Haka ake yi."

"Haka ake yi," Aissa ta amsa.  "Amma tsakaninki da Allah, Hajiya, duk shekarun nan ba ki taɓa cewa da ma ta juyo ba?"

Tani ta daɗe tana murza waken da ya riga ya fita tas.

"Duk ran da na ɗauki tsintsiya," ta ce.

Mai shara ce, kullum tana ɗaukar tsintsiya. Aissa ta jawo ƙwaryar albasa ta fara yanka.

Duk da haka, da gari ya waye Tani ta riga ta yanke shawara, kuma ba wadda kuke zato ba. Ba za ta shiga layi ba. Za ta zauna a rumfarta ta yi suyarta. Yarinya za ta tsaya ta gaji ta kwance ƙyallen, a yi dariya a wuce. Abin da mutum ya yi shekara da shekaru yana kiyayewa ba ya zubar da shi a filin wasan yara.

Ranar Alhamis ce, ranar hutu. Tun hantsi fili ya cika. An rataya takardu masu launi daga bishiya zuwa bishiya, ana kiɗa a lasifika amma a hankali, kada ya tsallaka katanga. Teburin kek ya sami bakin ƙofa, samosa ta sami inuwa, kowa ya ci nasara. Malamin lissafi ya sha soso har tausayi ya kama mutane. Layin ƙosai kuwa kamar kullum ya fi na kowa tsawo, masu gadi da direbobi da matan Turawa masu cewa a rage yaji sannan su dawo neman ƙari. Tani na gaban kasko tana saka ƙullu tana tsamewa, Aissa na zuba zoɓo tana ciniki da yaren da ita kaɗai ta san sunansa. Sau ɗaya Saudatu ta wuce da yara a bayanta, ta gaishe da Aissa, ba ta dubi kasko ba.

Bayan la'asar Madam ta busa usur. Aka jera yaran ajin ƙanana, aka ɗaure wa kowa ido da jan ƙyalle. A tsakiyarsu ga Saudatu, doguwa, ita ma an ɗaure. Iyaye mata suka jera a gefen ajujuwa, aka bar gurbi ɗaya. Madam ta hango rumfar ƙosai tana ɗaga hannu tana yafito Tani. Tani ta yi kunnen uwar shegu, ta juya wa filin baya, ta ɗebo ƙullu.

Aka sake busa usur, wuri ya kaure. Kowace uwa na kwarara sunan ɗanta, wannan da Turanci, wannan da Indiyanci, wata Bamisira har da guɗa. Yara suka bazama hannu a gaba, suna karo suna faɗuwa suna tashi. Wani ya rungume uwar wani ya ƙi saki. Cikin ɗan lokaci kowa ya sami nasa, ana ta ɗaga yara sama ana sumbata.

Saura mutum ɗaya a fili. Saudatu ba ta motsa daga inda aka ajiye ta ba, hannuwanta a gefe.

Da farko dariya aka yi, an ɗauka cikin wasan ne. Yaran ajinta suka fara kiranta don su taimaka mata, ta girgiza kai. Madam ta sake kallon rumfar ƙosai, murmushinta ya fara raguwa, ta gane akwai abin da ba ta sani ba a nan. Wani ya kashe lasifika. Shirun ya taho har ƙarshen fili, har Tani ta ji ƙarar man da ke tafasa a gabanta kamar shi kaɗai ne a duniya.

Ta saci kallo ta kafaɗa. Yarinyar ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, yadda take yi tana ƙarama idan an ce ta jira a bakin ƙofa. Ba ta da niyyar kwance ƙyallen nan. Taurin kan ba a ƙasa ta tsince shi ba. Sai Tani ta lura da yadda ita kanta take tsaye: ta ba 'yarta baya, ta fuskanci bango, hannunta na aikin da ba ya buƙatar yi. Tausayin uwarta ya kama ta, da tausayin kanta, da na yarinyar da ke tsaye a rana, duk a lokaci guda.

Kasko ta fara raɗa wa sunan, ko Aissa ba ta ji ba. Sannan ta juya, matsami a hannu yana ɗigar mai, ta taka har bakin ciyawa.

"Saudatu."

Muryar ta fito a shaƙe kamar ta mai mura. Saudatu ba ta motsa ba. Tani ta ce a ranta nisa ne, ba ta ji ba. Ta ƙara matsawa, ta ɗaga murya.

"Saudatu!"

Ko gezau. Jama'a sun juyo gaba ɗaya suna kallon mai ƙosai.  Tunda dai an riga an zubar, sai ta buɗe maƙogwaro ta kira da muryar da take kiran Usuman daga ƙarshen layi, ta sake kira, ta kuma sakewa, har haushi ya fara shiga ciki.

"Saudatu! Ba da ke nake ba?"

Sai a nan yarinyar ta sauke ƙafa. Ta taho a hankali, hannuwa a gaba, ba ta kauce ko kaɗan ba, har yatsunta suka taɓa fuskar uwarta. Jan ƙyallen ya jiƙe sharkaf. Fili ya ɗauki tafi, Madam na share ido, yara na tsalle ba su san dalili ba. Tani kuwa kunya ta rufe ta, kunya ta gaske. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma rumfa da sauri. Ƙosan da ke kasko ya ƙone ƙurmus, Aissa na tsaye a kansa da kofi a hannu tana kuka, ba ta ma gani ba.

Kafin magariba kasuwa ta watse. Ana ta naɗe takardu ana kwashe tebura. Aissa ta ɗauki kular zoɓo ta yi wajen mota, ta daɗe ba ta dawo ba, da gangan. Saudatu ta zo ta naɗe hannun riga ta tsuguna tana wanke bahon ƙullu. Tani na kankare kasko. Har yanzu ba ta iya haɗa ido da ita ba.

"Ke," ta ce, "kunnenki ne ya sami matsala? Kika bar ni ina ta ihu a gaban jama'a kamar mai talla."

"Na ji tun na farko, Umma."

Tani ta tsaya da kankarar.

"To me ya tsayar da ke?"

Saudatu ta ɗauraye bahon ta kife. Da ta yi magana, da Hausa zalla ta yi, ba kalmar Larabci ko ɗaya.

"Guzuri nake yi. Tafiyar da nisa."

Tani ta juye sauran man a galan, ta toshe bakinsa da leda, ta daɗe tana ɗaurewa. Filin ya kusa zama wayam, ba mai kallonsu, ba kuma wanda ya roƙe ta.

"Saudatu," ta ce, "kama mini kaskon nan mu kai mota."